Garin da Na Shafe da Siminti

Shekara arba'in da uku ke nan, a ƙarshen wannan daminar, da muka kai mahaifina makwancinsa a Kazaure. Sunansa Isufu, amma ba kasafai ake kiransa da shi ba. A kasuwa Badamagare ake ce masa, a wurin gini Mai Zane. Ya shekara arba'in a garin nan, ya yi aure a nan, ya binne abokansa a nan, amma ranar jana'izarsa da kunnena na ji wani dattijo a bayana yana cewa, "Allah Ya jiƙan baƙon nan." Ban juya na ga ko wane ne ba, kuma har yau abin yana mini ciwo.

Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, domin ba yadda zan ba da labarinsa ban tona kaina ba. Bana ne jikata Rabi ta zo share mini ɗaki, ta jawo wani ɓallin siminti da ke naɗe cikin tsohon zane a ƙarƙashin gado, har ta nufi bola da shi. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. Ta tsaya tana kallona kamar na taɓu, kuma tana da gaskiya, wa yake ajiye ɓaraguzan gini kamar zinariya? Bayanin da na kasa yi mata ranar shi ne zan yi a nan.

Ba a ƙasar nan aka haifi Baba ba. Wani ƙauye ne can arewa, a ƙasar Damagaram, ana ce masa Kukar Maiki. Kada wani ya wahalar da kansa nema, babu shi. Fara ta sauka musu shekara biyu a jere, rijiyarsu ta ƙafe, Nasaran Faransa kuma suna kwashe maza zuwa aikin dole. Wanda yunwa ta bari da sauran ƙafa sai ya tashi. Baba ya taso da mahaifiyarsa da matarsa ta fari da 'yarsu ƙarama da jaki guda. Shi kaɗai ya iso Babura, jakin ma bai iso ba. Wannan ban taɓa jin sa a jere daga bakinsa ba, guntu-guntu na tsinta, yawanci daga wurin mahaifiyata, Inna, bayan ya rasu.

A gida zanen ƙwarya ya gada. To a shekarar yunwa wa zai sayi ƙwarya mai ado alhali ba abin da za a zuba ciki? Sai ya shiga leburanci wurin magina, yana kwaɓa ƙasa da ƙafa yana miƙa tubali. Amma hannun da ya saba da zane ba ya zama. Idan aka yaɓe bango aka tafi cin abinci, sai ya sa yatsa a ɗanyen yaɓen ya ja irin abin da yake ja a bayan ƙwarya, in ya ji motsin dawowarsu ya shafe da tafin hannu. Wata rana bai ji motsin da wuri ba. Babban maginin ya zage shi tas a kan ɓata aiki, ya koma gefe ya daɗe yana kallon bangon, washegari kuma ya ce ya ɗauki tabarmarsa su tafi Kazaure.

Wanda bai san zamanin ba zai ɗauka daga nan sai jin daɗi. Ina. Gini gado ne a lokacin, kuma fuskar zaure ta 'ya'yan gado ce. Baƙon da ba a san ubansa ba ba ya hawa tsani a bakin titi jama'a suna kallo. Ciki aka tura shi: ɗakunan mata, bayan gado, jikin rumbu, wuraren da ba mai tambayar wa ya yi. Ya kai shekara goma a haka, kuma a nan ya koyi launi shi kaɗai, da gwaji da ɓarna. Farar ƙasa da ƙafa yake zuwa ɗebo ta a duwatsun Roni. Ja kuwa akwai wani kududdufi a wajen Gwiwa da ya ce babu kamarsa. Baƙi gawayi ne yake niƙawa da ruwan bagaruwa, shuɗi kuma ragowar da ta kwanta a gindin marina yake roƙo. Ya jiƙa ƙaro ya haɗa don launin ya kama bango, ya bi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, inda ruwa zai taɓa. Buroshinsa gashin kaza ne da tsumma da tsinken kaba da ya tauna bakinsa. A hanyar ɗebo farar ƙasar ya ga Inna, Bafulatanar Roni. Danginta sun ja da baya, sun ce ba a san asalinsa ba. Ba ƙarya suka yi ba, babu wanda ya rage da zai shaide shi.

Gyaɗa ce ta fito da shi bakin titi. 'Yan kasuwar da ta yi wa arziki suka soma son abin da maƙwabci ba shi da shi, 'ya'yan gado kuwa dagin da kakanninsu suka yi shi suke ta maimaitawa. Wani mai awon gyaɗa ya yi ƙundumbala ya ba Baba fuskar zaurensa. Baba ya yi dagin yadda aka saba, sai ya dasa keke a tsakiya, da ƙafafunsa da ƙararrawarsa. Mutane daga ƙauyuka suka riƙa ratsewa ranar kasuwa don kallon keken da ke jikin bango. Daga nan sai agogo, sai mota, har jirgin sama, wanda bai taɓa gani ba sai ɗigo a sama. Wani malami ya aiko masa cewa ya kiyayi zana abu mai rai. Ya ce ya ji, kuma ya ji ɗin, har ya mutu bai zana mutum ko dabba ba, ko da tsuntsu.

Yau in na hau A Daidaita Sahu na ratsa unguwannin da ya yi wa aiki, babu ko ɗaya. Wasu ruwa ya ci, wasu an rushe an yi shaguna, sauran an lulluɓe da bulo da tayil. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wannan. Ban tsammanin zai yi kukan zamani ba, mutumin da ya sa keke a zaure ba maƙiyin sabon abu ba ne. Na tabbata da ya tsaya bakin shagon yaran nan masu buga hoto da inji ya yi ta tambaya har su gaji da shi. Abin da zai dame shi ɗaya ne, zai ce wa yake dawowa ya duba? Shi a wurinsa zane kamar gona yake. Duk bayan damina sai ya zaga gidajen da ya yi wa aiki da ƙwaryar launi a kai, ya cike inda ya zube, ya farfaɗo da inda ya koɗe, ko an kira shi ko ba a kira shi ba. Aikin da aka gama aka tafi ba a waiwaya ba, bai ɗauke shi aiki ba.

Aikinsa mafi girma kuwa ba wanda ya gani sai mu 'yan gida. A ɗakinsa, bangon da ke hannun dama in ka shiga, tun daga ƙofa har kusurwa, ya zana Kukar Maiki. Kukar tana kusa da ƙofa, rijiyar a gindinta, sai masallaci, sai gidaje bi da bi yadda suke a ƙasa, da hanyoyin da suka ratsa su. Tunda an hana shi zana mutum, sai ya samo dabara. A bakin kowane gida yakan danna babban yatsansa cikin ɗanyen yumɓu, rami ɗaya mutum ɗaya. Yara da ɗan ƙaramin yatsa yake yi musu. Kowace Juma'a bayan sallar asuba zai tsaya gaban bangon, ya fara daga gindin kuka, ya sa yatsa a kowane rami ya ambaci sunan mai shi ya nema masa gafara, har ya kai kusurwa. Yana ɗaukar lokaci, kokonsa yakan huce. Mu da muka tashi muka tarar da abin, mun ɗauke shi ɗabi'ar tsoho kawai.

Da farko bangon launi ne ke ɗauke da shi, ja da fari da shuɗi, kana shiga sai ka ji kamar ɗakin ya ƙara faɗi. Da yanar ido ta soma rufe masa gani, sai ya daina damuwa da launi. Kowace shekara sai ya ƙara wa layukan tudu, ya zurfafa ramukan, har ya zama abin da ake karantawa da hannu. Waɗanda suka san aiki suna cewa ƙarfinsa ya ƙare, zanensa ya yi kauri ba fasali. Ni ma haka na ɗauka. Ban gane cewa shirin makanta yake yi ba.

Yanzu sai in zo kaina. Ni Baba ya sa a boko, na yi kwas a Kano, na dawo duba-gari a En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, da kakina da littafina da kekena. An koya mana cewa duk tsaga da lungu a jikin bango gidan kuɗin cizo ne da ƙuma, kuma gaskiya ne, ban ce ƙarya aka koya mana ba. Na riƙa shiga gidajen mutane ina sa su kankare bango su shafe sumul. Ina da zafi a aikin, ba na jin roƙo. Wata ranar kasuwar Gwiwa na tsare wani mahauci a kan ɗakin ajiyarsa, sai ya dube ni gaban abokan aikina ya ce, "Malam, ai da ka fara da ɗakin Badamagare. An ce ramukan da ke ciki ko ɓera zai samu masauki." Aka kwashe da dariya. Ba maganar ramukan ce ta ƙona ni ba, Badamagaren ne. Duk kakin nan da nake taƙama da shi, ashe a idonsu ɗan baƙo ne ni.

Ba a yi wata biyu ba idon Baba ya kai inda sai an yi aiki. Na kai shi asibiti a Kano, aka ce zai yi sati uku, na bar shi da ƙanen Inna na dawo bakin aiki. A hanyar dawowa shawarar ta zo mini, kuma ina so a fahimce ni, a raina alheri na ɗauke ta. A garinmu in mutum zai dawo daga jinya ko doguwar tafiya, akan gyara masa ɗaki. A lokacin kuma ɗakin siminti shi ne shaidar cewa mutum ya haifi ɗa. Na ce Baba zai buɗe sabon ido ya ga kansa a ɗaki irin na manya. Wannan shi ne abin da na gaya wa kaina. Maganar mahaucin tana ƙasa, ban ɗaga ta na duba ba.

Na kawo birkila. Da ya shiga ya ga bangon sai ya ajiye kayansa ya ce, "Malam, wannan fa aikin Mai Zane ne." Na ce na fi shi sanin aikin wane ne. Ya ce siminti ba ya kama irin wannan sai an sassare tudun an daidaita. Na ce to me yake jira?

Inna ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye a kan abu mai nauyi ba. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, kunyar Fulani. Sai ta aiko matata da saƙo: a gaya wa wancan ya bari mai ɗaki ya dawo. Da ta fito ta tsaya a ƙofar ta ce kada a taɓa, wataƙila da na ji, amma ban ɗora mata laifi ba, saƙon ya iso ni sarai. Na ce a gaya mata tsofaffi ba sa son gyara sai sun ga an gama. Da ta ji saran farko sai ta ɗauki tabarmarta ta koma gidan maƙwabta, ba ta dawo ba sai da aka kwashe kayan aiki. Ina tsaye aka sare kukar. Ƙura ja da fara ta cika ɗakin har muna tari, ni da kaina na taya kwashe ɓaraguzan a kwando aka zuba a kududdufin bayan gida. Aka shafe, ya bushe, na sa aka yi fenti mai, kore daga ƙasa fari daga sama, daidai irin na ofishinmu.

Aikin idon bai yi ba, likita ya ce an makara. Baba ya dawo yana bambance haske da duhu kawai. Ni na riƙo hannunsa daga mota har tsakar gida. A bakin ƙofar ɗakin ya tsaya, warin fenti ya dake shi. Ya saki hannuna ya miƙa nasa dama, inda kukar take, kamar yadda mutum yake miƙa wa ɗan'uwansa hannu. Hannun ya zame. Ya sake lalubawa sama, ya lalubo ƙasa. Ya bi bangon a hankali har kusurwa, ya durƙusa ya shafa gindinsa, ya dawo.

"Habu, ɗakin wa aka kawo ni?"

"Naka ne, Baba. Gyara maka na yi."

Ya sauke hannunsa daga bangon. Sannan ya ce, "Ka sha wahala. Allah Ya yi maka albarka." Ya lalubi gado ya zauna. Wallahi da zagina ya yi, ko ya ɗaga sandarsa ya maka mini, da tuni na warke. Albarkar nan ita nake ɗauke da ita shekara arba'in da uku.

Juma'ar da ta biyo na ji shi ya tsaya gaban bangon kamar kullum. Ya fara da gidan liman, ya wuce gidan maƙeri, yana ambato yana addu'a, yatsansa yana yawo a kan fenti. A gida na tara ya tsaya. Ya koma farko. Ya sake zuwa na tara ya tsaya. Sau huɗu ina ƙirgawa daga inda nake alwala. A nan ne na gane abin da na yi. Na shiga da takarda da alƙalami na ce ya faɗa in rubuta. Ya ce, "Ba a kaina suke ba, Habu. A hannu suke." Mutumin da ya iya boko ya iya ajami, ya shekara ashirin da wani abu yana jin sunayen nan duk Juma'a, bai taɓa rubuta ko ɗaya ba sai ranar da suka tafi. Ni ke nan.

Na ce zan sa a fasa simintin. Ya tambaye ni me ya rage a ƙarƙashinsa. Ya sa aka kwaɓa masa yumɓu ya gwada a kan fentin, ya ƙi kamawa, yana mannawa yana sulalowa ƙasa. Sai ya koma jikin rumbu a tsakar gida, yana zaune a turmi yana gini da lalube. Ya yi kukar, ya yi rijiyar, ya kai gida biyar. Amma tazarar ba ta zo masa daidai ba, yana ta rushewa yana sakewa, yana cewa hanyar masallaci ba nan ta bi ba. Ruwan farko na shekarar ya wanke abin da ya rage. Bai sake neman yumɓu ba. Abinci ya ragu, magana ta ragu, Juma'a ta koma kamar sauran ranaku. Kafin a yanke gero ya rasu. Mutane suka ce tsufa ne.

Har yau mutanen arewa suna shigowa ta Babura, da sefarsu a ƙulle a gefen zane, wasu shayi suke sayarwa, wasu haƙar rijiya, wasu gadi. Da Baba zai dawo, su zai fara ganewa kafin ya gane titunan. Muna ciniki da su, muna sallah sahu ɗaya, muna ce musu baƙi. Ban taɓa jin an zaunar da ɗayansu an tambaye shi sunan garinsu da wa ya bari a can ba. Ni da nake wannan maganar, ubana ne, ɗaki ɗaya ya raba mu, ban tambaya ba.

Akwai abin da ya kamata ya farkar da ni tun ina yaro. Iyayen abokaina ba sa kiran sunan ɗansu na fari, amma Baba gatsau yake cewa Habu. Na ɗauka rashin sanin al'ada ne irin na baƙo, har ina jin kunyar abin a gaban mutane. Sai bayan ransa Inna ta gaya wa matata, ni ina ji daga zaure, cewa ba ni ne na farinsa ba. Ta ce duk Juma'a in ya zo wani ɗan rami, ba ya ambaton suna, sai ya ce "da wannan," ya daɗe a wurin kafin ya wuce. Ita ma a shekarun da suka yi tare ba ta taɓa jin sunan yarinyar ba.

Shekaru bayan haka, da muka zo sa wa ɗakin kwano, simintin ya bubbuge ya soma zubowa, domin dama ba ya zama da ƙasa. A bayan ƙyaure, inda gatarin birkila bai kai ba, wani ɓalli ya faɗo mai faɗin faifai. Na juya shi, sai ga zanen Baba a bayansa, a juye. Inda ya yi tudu ya zama rami, inda ya danna yatsa ya fito kamar ƙurji. Gida ɗaya ne, da katangarsa da ƙofarsa, da mutum huɗu a bakinta, uku da babban yatsa, ɗaya da ƙarami. Shi ne abin da Rabi ta nufi bola da shi.

Idan aka ce in auna abin da ya rage na Isufu Mai Zane, to ba shi da yawa, kuma ba zan ƙara masa gishiri ba. Babu zaure, babu almajirin sana'a, babu hoto. Akwai tsofaffi biyu ko uku da suke tuna keken da ke jikin bango. Akwai ni, da idona ya soma yin irin nasa. Sai wannan ɓallin, wanda simintin da na kashe garin da shi ne ya adana shi, ba don na nufa ba.

Yanzu duk Juma'a bayan asuba nakan kwance shi in sa hannu. Tudun nan huɗu siffar yatsun Baba ne sak, har da wata 'yar tsaga da yake da ita a babban. Rabi ta tambaye ni su wane ne, na ce ban sani ba. Gidaje masu mutum huɗu ba ɗaya ba ne a Kukar Maiki, kuma ban taɓa lura da inda yake cewa "da wannan" ba. Amma idan gidanmu ne, to ga kakata, ga matarsa, ga shi, ƙaramin nan kuma yayata ce. Ta girme ni da fiye da shekara goma, har yau ba ta wuce girman ɗan yatsan Baba ba.

Allah Ya jiƙan Isufu, Ya jiƙan masu gidan nan da sunayen da Shi kaɗai Ya sani.